Yadda Ake Ɗaukar Ƙwararren Mai Rubuta Manhaja Ba Tare da an Ruɗe da Gardamar Harsunan Kwamfuta Ba

Duk wanda ya tambayi masu rubuta manhaja uku wane harshen kwamfuta ya kamata a gina masa manhaja da shi, zai tashi da amsoshi uku masu karo da juna, kuma kowannensu zai yi magana kamar ba ya da ko ɗigon shakka. Na farko zai ce PHP ya tsufa, na biyu zai ce Python ba shi da sauri, na uku kuma zai ce duk wanda bai koyi Rust ba an bar shi a baya. Mai asibiti a Zariya, ko mai makaranta a Katsina, ko babban dillalin kayan masarufi a kasuwar Singa ta Kano, wanda buƙatarsa ita ce manhajar da za ta riƙe masa lissafi da bayanan jama'arsa, sai ya rasa na kamawa, daga ƙarshe ya miƙa aikin ga wanda ya fi iya baki. A ganina harshe yana da tasiri, amma tasirinsa bai kai na mutumin da zai yi aiki da shi ba, kuma ana iya auna wannan mutumin tun kafin a ba shi ko sisi, muddin aka bi matakan da suka dace.

Mataki na farko: a rubuta aikin kafin a ambaci harshe

Kafin ka nemi kowa, zauna ka rubuta a shafi ɗaya ko biyu abin da kake so manhajar ta yi, da Hausa ko da Turanci mai sauƙi. Su waye za su yi amfani da ita, kuma su nawa ne? A waya za su buɗe ta ko a kwamfutar ofis? Idan sabis ya ɗauke na tsawon yini, shin aiki zai tsaya ne, ko dole ta ci gaba da karɓar bayanai ta aika su daga baya? Kuɗi zai bi ta cikinta? Za ta adana bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai? Wannan tambaya ta ƙarshe ta shafi doka, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane alhakin kiyaye su, kuma alhakin yana wuyan mai kamfani ko da wani ya ɗauka ya rubuta masa manhajar.

Wannan takarda ita ce za ta nuna maka irin mutumin da kake nema. Wanda zai gina shafin makaranta daban yake da wanda zai gina manhajar karɓar kuɗi a rassa goma.

Mataki na biyu: zaɓen harshe

A nan ne gardama ta fi zafi, don haka yana da kyau a duba abin da ya faru a zahiri. Facebook ya fara ne a 2004 da PHP, harshen da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, wanda har yau wasu ke yi wa kallon raini. WordPress, wanda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet ke tafiya a kansa, shi ma da PHP aka rubuta shi. Instagram an gina shi da Python, kuma ma'aikatansa 13 ne kacal lokacin da Facebook ya saye shi kan dala biliyan 1 a 2012. WhatsApp kuwa ya dogara ne da Erlang, harshen da kamfanin Ericsson na Suwidin ya ƙirƙira a shekarun 1980 domin na'urorin sadarwar tarho, kuma a lokacin da aka sanar da cinikinsa kan dala biliyan 19 a 2014 yana da masu amfani kusan miliyan 450, alhali ma'aikatansa ba su kai 60 ba. Harsuna uku mabambanta, kowanne ya ɗauki nauyin miliyoyin mutane. Abin da ya haɗa kamfanonin shi ne mutanen da suka san kayan aikinsu ciki da waje.

Wannan ba ya nufin kowane harshe ya dace da kowane aiki. Tambayoyi uku ne ke yanke hukunci. Ta farko, a ina manhajar za ta yi aiki? Kusan duk abin da zai motsa a cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, sai ya bi ta JavaScript ko ɗan'uwansa TypeScript. Manhajar wayar Android ana rubuta ta da Kotlin, wanda Google ya amince da shi a hukumance a 2017, ko da Java, ko kuma da Flutter idan ana son kod ɗaya, wato rubutun umarnin da ake ba kwamfuta, ya yi aiki a Android da iPhone. Nazarin bayanai da ayyukan ƙirƙirarriyar basira sun fi sauƙi da Python saboda yawan kayan aikin da aka riga aka tanada a cikinsa. Ta biyu, me aka riga aka gina? Idan kamfaninka yana da tsohuwar manhaja da ke aiki, rushe ta a sake sabuwa saboda sabon ma'aikaci ba ya son harshenta yana daga cikin hanyoyin asarar kuɗi mafi sauri.

Tambaya ta uku ita ce wadda na fi ba wa nauyi: idan wannan mutumin ya tafi, wa zai gyara? Manhaja tana daɗewa fiye da yadda masu gina ta ke zato. A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta jefa jama'a cikin rashin aiki, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka na lokacin, Phil Murphy, ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen da aka ƙirƙira tun 1959, domin tsarin biyan tallafin marasa aiki na jihar yana kansa ne, kuma masu iya taɓa shi sun yi ƙaranci. Idan jihar Amurka ta shiga wannan hali, ƙaramin kamfani a Gusau da aka gina wa manhaja da harshen da mutum ɗaya ne ya iya a duk garin ya fi kusa da shiga. Saboda haka, ga yawancin ayyukan kasuwanci, harshen da ya yaɗu, irin su PHP da Python da JavaScript da Java, ya fi aminci, ko da bai burge matasan da ke bin sabon yayi ba.

Mataki na uku: sanarwa da tacewa

Ka rubuta sanarwar neman ma'aikaci da bayanin matsalar da za a warware, ka ambaci harshen da kuke aiki da shi, amma kada ka mayar da shi shingen da zai hana gwani shigowa. Wanda ya ƙware a Java zai kama Kotlin cikin 'yan makonni, haka wanda ya san Python da kyau ba zai sha wahalar PHP ba. Abubuwan da ke ɗaukar shekaru su ne tsara ma'ajiyar bayanai, da gano tushen kuskure, da rubuta kod ɗin da wani zai karanta ya fahimta. Jerin harsuna goma sha biyu a takardar neman aiki ba hujja ba ce ta komai, sau da yawa ma alama ce ta wanda ya ɗanɗana kowanne bai zauna a kan ko ɗaya ba.

Akwai wani ra'ayi da ya yi tashe wanda ya kamata a sani. A 2004 Paul Graham, wanda ya gina kamfanin Viaweb da harshen Lisp ya sayar wa Yahoo a 1998, ya yi iƙirarin cewa wanda ya nemi masu Python zai samu ma'aikata mafi kaifi fiye da wanda ya nemi masu Java, domin a wancan lokacin ba wanda ke koyon Python don neman aiki, sai mai sha'awar sana'ar da gaske. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma a lura cewa maganar son koyo take yi. A yau Python shi ne harshen da ake fara koya wa ɗalibai a wurare da dama, don haka sunansa a takarda bai ƙara nuna abin da yake nunawa a 2004 ba. Abin nema shi ne alamar cewa mutum yana koyon abin da ba a tilasta masa ba.

Game da digiri, ina ganin a ɗauke shi a matsayin ƙari. Akwai waɗanda suka fito daga Jami'ar Bayero ko Jami'ar Ahmadu Bello da tushe mai ƙarfi, akwai kuma waɗanda suka koya da kansu ko ta shirye-shiryen horarwa kan fasaha irin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Kowane rukuni yana da gwanaye da raunana. Ka nemi kowa ya nuna abin da ya gina: manhajar da ke aiki, ko kod a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu. Sai dai kada ka kori wanda ba shi da komai a fili, domin da yawa daga cikin ƙwararru ayyukansu mallakar kamfanonin da suka yi wa aiki ne, ba su da ikon baje su.

Mataki na huɗu: ɗan gajeren gwaji

Kafin a ɓata wa juna lokaci, a yi gwajin minti ashirin zuwa talatin ta waya ko ta bidiyo, mutum yana rubutawa ana kallo. Sanannen misali shi ne FizzBuzz, wanda ya shahara a 2007: a buga lambobi daga 1 zuwa 100, amma duk lambar da 3 ke raba ta a sa wata kalma a madadinta, wadda 5 ke rabawa a sa wata, wadda dukansu ke rabawa a haɗa kalmomin biyu. Aikin 'yan mintuna ne ga wanda ya iya, kuma amfaninsa kawai shi ne ware wanda bai iya rubuta komai ba. Cin wannan gwaji ba ya nuna ƙwarewa. Idan kai mai kamfani ba ka san kod ba, ka biya wani gogaggen da ka amince da shi, wanda ba shi da ɗan takara a cikin masu nema, ya zauna maka a wannan mataki da na gaba.

Mataki na biyar: gwaji da aikin gaske

Wannan shi ne ƙashin bayan lamarin. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekaru 85 kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata, suka gano cewa gwada mutum da samfurin aikin da zai yi, da tattaunawar da aka tsara tambayoyinta tun farko, suna cikin hanyoyin da suka fi hasashen yadda zai yi aiki, yayin da yawan shekarun karatu da na aiki suka zo can ƙasa. Google ma, wanda ya yi suna da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa irin na ƙwallo nawa za su cika jirgin sama, shugaban sashen ma'aikatansa na lokacin, Laszlo Bock, ya bayyana a 2013 cewa irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne, ba sa hasashen komai. Gani ya kori ji, don haka a ba mutum aiki a ga hannunsa.

Ka yanko ƙaramin yanki daga ainihin aikinka, wanda ba zai wuce awa uku zuwa huɗu ba, kuma ka biya ladansa. Misali: shafin da zai karɓi sunan abokin ciniki da kayan da ya saya, ya lissafa jimla, ya adana, ya fitar da rasit. Kowa zai iya kawo abin da ke aiki idan komai lafiya, don haka abin dubawa shi ne yadda manhajar take idan abubuwa suka karkace.

Fara da kuɗi. A yawancin harsuna, idan aka tara 0.1 da 0.2 da nau'in lambobin da kwamfuta ke amfani da su wajen gutsure, amsar da ke fitowa ita ce 0.30000000000000004, saboda kwamfuta tana lissafi ne da tushen biyu. Wanda ya san aiki zai adana kuɗi a matsayin kwabo, wato naira 1,250 da kwabo 50 ya rubuta ta 125050, ko ya yi amfani da nau'in lambar da aka tanada don kuɗi. Wanda bai sani ba zai kawo maka manhajar da lissafinta zai riƙa saɓawa da 'yan kwabbai a ƙarshen wata, akawu ya yi ta neman inda suka shiga.

Sai sunaye. Ka shigar da Ɗanjuma Ƙaura, ka adana, ka sake buɗewa, ka buga rasit. Idan Ɗ da Ƙ suka koma alamar tambaya ko ƙananan akwatuna, bai saita ma'ajiyar bayanai ta karɓi haruffan Unicode, tsarin da ya ƙunshi haruffa irin waɗannan, ba. Bayan haka ka shigar da Sa'adatu ko Mu'azu. Alamar da ke tsakiyar waɗannan sunaye tana da ma'ana ta musamman a SQL, harshen da ake ba ma'ajiyar bayanai umarni da shi, kuma idan manhajar ta faɗi a kanta, to an haɗa umarnin ma'ajiyar bayanai ne kai tsaye da abin da mutum ya rubuta. Wannan ita ce ƙofar da masu kutse ke bi su kwashe bayanai ko su goge su. Suna ɗaya ya ishe ka gane ko mutum ya san abin da ke farkon darasin tsaro.

Na uku, ka danna maɓallin biya, ka kashe data kafin amsa ta dawo, ka kunna, ka sake dannawa. Shin an rubuta cinikin sau biyu ne? Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi sau biyu a POS ya san zafin wannan. Gogaggen mai rubuta manhaja zai ba kowane ciniki lambar shaida tun daga wayar, ta yadda idan saƙon ya iso sabar, wato kwamfutar da ke karɓa da adana bayanan, sau biyu za ta gane abu ɗaya ne. Ba lallai ɗan takara ya gama wannan cikin awa huɗu ba, amma ya kamata ya ambace shi da kansa, ko ya fahimci haɗarin nan take idan aka nuna masa.

Tun fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke iya rubuta kod, a watan Nuwamban 2022, aikin da aka yi a gida ba ya tabbatar da cewa mai kawo shi ne ya rubuta. Hana amfani da irin waɗannan kayan aiki ba shi da amfani, tunda zai yi amfani da su bayan an ɗauke shi. Abin yi shi ne a zauna tare da shi, ya bi kod ɗin layi-layi yana bayanin dalilin kowanne, sannan a ce ya sauya wani abu nan take, misali a ƙara rangwamen kashi 5 cikin 100 ga wanda ya sayi katan goma. Wanda ya fahimci abin da ya kawo zai san inda zai taɓa. Wanda ya kwafo zai yi ta hawa da sauka a cikin fayil.

Mataki na shida: tattaunawa, inda ra'ayi kan harshe ke da amfani

Ka tanadi tambayoyi iri ɗaya ga kowa, ka rubuta makin kowane ɗan takara kafin ka ji ra'ayin sauran masu tantancewa, don kada muryar babba ta rinjayi kowa. A nan ne za ka tambaye shi harshen da ya fi so, sannan ka biyo da tambayar da ta fi muhimmanci: mene ne aibin wannan harshen, kuma a wane aiki ne ba za ka yi amfani da shi ba? Wanda ya daɗe yana aiki da Python zai gaya maka inda yake jan ƙafa, da yadda ya sha fama lokacin da aka daina tallafa wa Python 2 a farkon 2020. Wanda ya ce harshensa ba shi da aibi bai yi aiki da shi sosai ba. Haka kuma ka ce ya faɗi alheri ɗaya na harshen da ya fi ƙi. Ƙarfin ra'ayi ba laifi ba ne, yawancin gwanaye suna da shi, amma ka bambanta wanda ra'ayinsa ya fito daga wahalar da ya sha da wanda ya tsinto nasa a kafafen sada zumunta.

Ka nemi ya ba ka labarin kuskuren da ya fi ba shi wahala da yadda ya gano shi. Ka saurara ko yana bin matsala daki-daki ne ko yana canke. Ka lura ko yana iya cewa "ban sani ba", domin wanda ba ya iya faɗin haka a gaban masu tantancewa, ba zai faɗa maka ranar da aiki ya cije ba, sai dai ka ji daga abokan ciniki. Daga ƙarshe ka ce ya yi wa akawunka ko mai kula da shago bayanin abin da ya gina ba tare da kalmomin fasaha ba, tunda da su zai yi aiki kullum.

Mataki na bakwai: bincike da yarjejeniya

Ka kira mutum biyu da ya taɓa yi wa aiki, ka tambaye su ko ya kammala, ko yana ɗaga waya bayan an biya shi, da ko za su sake ɗaukarsa. Idan ɗan'uwa ko amini ne ya kawo shi, ya bi ta gwaji ɗaya da kowa, domin kunyar da aka ji a ranar ɗauka ita ce za ta hana a yi magana ranar da aiki ya lalace.

A rubuta a yarjejeniya cewa kod ɗin mallakar kamfani ne. A buɗe asusun GitHub, da sunan shafin intanet, da sabar, da asusun Google Play da imel ɗin kamfani, a biya da katin kamfani, sannan a ba ma'aikaci izinin shiga. Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple kuma dala 99 a shekara, kuɗin da bai kai a bar wani ya buɗe da sunansa ba. Kamfanoni da dama sun wayi gari ba su da iko da shafinsu saboda wanda ya yi rajistarsa ya yi fushi ko ya bar gari. Idan aikin kwangila ne, a raba biya gida-gida, kowane kaso ya biyo bayan abin da aka gani yana aiki. Idan ɗaukar dindindin ce, a sa wata uku na gwaji tare da bayyana abin da ake son gani a ƙarshensu.

Mataki na takwas: albashi da riƙe gwani

Araha ba ta ado. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,000 cikin ƙasa da shekara guda, kuma matashin da ke zaune a Kaduna yana iya yi wa kamfanin Turai aiki daga ɗakinsa a biya shi da kuɗin waje. Ƙaramin kamfani ba zai iya gogayya da wannan ba, amma yana da abin bayarwa: biyan albashi a kan lokaci, kwamfuta mai kyau, wutar sola da data da ba sa yankewa, sassaucin lokacin aiki, da shugaban da ba ya sauya buƙata kowace safiya. Wannan sassauci shi ne kuma ke buɗe ƙofa ga mata ƙwararru da zaman ofis daga safe zuwa yamma ke yi wa wuya.

Da zarar hali ya yi, a ɗauki mutum na biyu, ko da ƙarami ne mai koyo, a kafa ƙa'idar cewa ba kod ɗin da zai shiga manhaja sai wani ya karanta shi, kuma a rubuta yadda ake ɗora ta a sabar da yadda ake dawo da bayanai idan sun ɓace. A yi wannan tun aiki yana tafiya daidai. Fred Brooks, wanda ya jagoranci gina tsarin OS/360 a kamfanin IBM, ya yi bayani tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara yana ƙara masa jinkiri ne, domin tsofaffin ma'aikata za su bar aikinsu su koyar da sababbi, kuma hanyoyin tuntuɓar juna suna ninkuwa: mutum 5 suna da hanyoyi 10 a tsakaninsu, mutum 10 kuwa suna da 45. Saboda haka idan aiki ya makara, a fara rage abubuwan da ake son manhajar ta ƙunsa a fitowar farko, a bar ɗaukar sabon ma'aikaci sai an samu sararin koya masa.